Karkatar wuya ta haihuwa da ta daɗe: wane aikin tiyata ya dace da yaron da ya riga ya girma?

Jinjirin da aka haifa da karkataccen wuya, in an gane da wuri, ba safai ake kai wa ga wuƙa ba. Miƙa wuyan da hannu kullum, yadda ma'aikacin kine, wato mai tausa da motsa gaɓoɓi a asibiti, ya koya wa uwa, yana warkar da fiye da 90 cikin 100 matuƙar an fara kafin yaro ya cika shekara. Sai dai da yawa daga cikin waɗanda ake kawowa Maradi daga Dakoro, Mayahi, Tasawa ko Madarunfa sun wuce nan tuni. Ƴan shekara bakwai ne, ko goma, ko sha huɗu. Namiji, tsokanar ƴan makaranta ke sa a kawo shi. Mace kuwa hijabi ya rufa mata asiri har sai maganar aure ta taso. A wannan shekaru tausa kaɗai ba ta miƙar da wuya, kuma tambayar da ke gaban iyaye ita ce irin aikin da za a yi, da abin da za su iya ɗauka bayan an yi shi.

Tsokar da ke jawo wannan matsala tana tasowa daga tudun ƙashin da ke bayan kunne, ta gangaro a karkace, ta rabu biyu a ƙasa: reshe ɗaya ya kama saman ƙashin ƙirji, ɗaya ya kama ƙashin da ya gitta daga ƙirji zuwa kafaɗa. In ta gajarce a dama, kai zai kwanta dama, haɓa ta juya hagu. Wasu iyaye suna tuna wani ƙullutu mai tauri da ya fito a gefen wuyan jinjirin wajen sati biyu zuwa huɗu da haihuwa, ya baje da kansa bayan ƴan watanni, musamman in yaron ya zo ta ƙafa ko naƙuda ta yi tsawo. Ƙullutun ya tafi, amma naman wurin ya koma tabo. Tabo ba ya girma tare da ƙashi, shi ya sa karkatar ke ƙaruwa lokacin da yaro ya fara zuba tsawo. A taɓa wuyan ɗan shekara goma mai wannan larura, za a ji abin ya miƙe ƙam kamar igiyar da aka ɗaure, daga bayan kunne har ƙirji. Bayan shekaru, ba ita kaɗai ta gajarce ba: siririyar tsokar da ke ƙarƙashin fata, da tantanin da ya lulluɓe tsokoki, da kuben manyan jijiyoyin jini duk sun takura tare da ita. Wannan shi ne bambancin aikin babban yaro da na ɗan shekara biyu.

Kafin a zaɓi aiki

Kusan yaro ɗaya cikin biyar masu karkataccen wuya, matsalarsa ba ta wannan tsoka ba ce, kuma yanka ta ba zai amfane shi da kome ba. Akwai wanda gaɓoɓin ƙashin bayan wuyansa suka haɗe tun a ciki. Irinsa wuyan gajere ne, gashin ƙeya ya sauko ƙasa. Akwai wanda idonsa ne: wata tsokar ido ta raunana, yana karkatar da kai don kada ya ga abu biyu-biyu. Gwajin wannan ba ya cin ko dala: a rufe ido ɗaya, in kan ya miƙe, wurin likitan ido za a nufa. Karkatar da ta zo daga baya kuwa, da ciwo, da zazzaɓi ko rama ko amai da ciwon kai, wata magana ce daban. Tarin fuka na ƙashin baya, kaluluwar wuya, zamewar gaɓa ta farko da ta biyu bayan ciwon maƙogwaro, da ƙari a bayan ƙwaƙwalwa duk suna karkatar da wuya, kuma murɗa irin wannan wuyan a wurin maɗori na iya shanye yaro gaba ɗaya. Don haka hoton radiyo na wuya, ta gaba da ta gefe da na buɗe baki, wajibi ne kafin a sa ranar aiki. In an ga abin shakka a ƙara da hoton sikana, na'urar da ke nuna cikin jiki dalla-dalla. Ƙaramin yaro a duba masa kwatangwalo ma, don gocewar ƙugu ta haihuwa kan zo tare da wannan larura.

Sannan a auna. Lafiyayyen yaro yana juya haɓarsa ta kai kusan kan kafaɗa ta kowane gefe. In juyawar ta gaza da fiye da digiri 15 idan an gwada da ɗaya gefen, ga igiya ana ji, yaro ya wuce shekara ɗaya, an kuma yi wata shida ana miƙawa ba ci gaba, sharuɗɗan aiki sun cika. Ɗan shekara takwas mai igiya mai tauri ba sai an ɓata masa wata shida ana gwada tausa ba.

Sakin ƙasa kaɗai

Shi ne aikin da ya fi sauƙi. Ana sa yaro barci gaba ɗaya, a tokare kafaɗunsa da matashi, a ja kai yadda igiyar za ta fito fili. Ana tsaga fata a gicciye, tsawon santimita 3 zuwa 5, kamar santimita ɗaya da rabi sama da ƙashin da ya gitta, a bi layin lanƙwasar fata. Ba a tsagawa a kan ƙashin kansa, don tabon nan faɗi yake yi ya manne. Sai a zagaye rassan biyu ɗaya bayan ɗaya, a sa ƙarfe a ƙarƙashinsu don kare manyan jijiyoyin jinin da ke kwance daf da bayansu, a yanke. Likitoci da yawa suna cire santimita 1 zuwa 2 na tsokar don kada bakunan su sake haɗuwa da wuri. Daga nan mai ba da maganin barci ya juya kan yaron, likita ya sa yatsa cikin raunin yana laluben duk zaren da ya rage yana ja, ya tsinke shi.

Amfaninsa a fili yake: tabo ɗaya, aiki gajere, nesa da jijiyoyin da ke kusa da kunne. Ga ɗan shekara ɗaya zuwa huɗu ko biyar, galibi ya wadatar. Rauninsa ga babban yaro shi ne saman tsokar, wanda ya shekara goma a takure, yana nan yana ja. A kan teburin aiki kai ya miƙe, bayan wata uku karkata ta fara dawowa. Abu na biyu da ke lalata shi shi ne reshen waje, wato wanda ya kama ƙashin da ya gitta, ya sake mannewa da ƙashi, wata sabuwar igiya ta fito a gefen wuya. Wannan kusan kullum daga barin tantani ba a tsinke ba ne, ko daga sakaci da miƙawa bayan aiki. Na uku na kwalliya ne. Tsokokin nan biyu, dama da hagu, su ke zana ɗan kwarin nan da ke gindin maƙogwaro. In an yanke reshen ƙirji an bar shi, gefe ɗaya zai shafe, har a ga ɗan rami. Namiji ba zai kula ba. Budurwar da za ta sa sarƙa za ta kula.

Sakin sama da ƙasa

Nan ana yin duk abin da aka yi a ƙasa, a ƙara da ƙaramar tsaga ta biyu a ƙasan tudun ƙashin bayan kunne, a ɓanɓare tsokar daga inda ta kama. Tsokar ta zama sakakkiya ta kai biyu, ta zame ta zauna inda tsawon wuya ya kai ta. Shi ne aikin da akasarin likitocin ƙashi ke zaɓa wa yaron da ya kai shekara shida zuwa sama, da mai karkata mai tsanani, da wanda aka taɓa yi wa aiki abin ya dawo.

Haɗarinsa yana wurin tsagar sama, don jijiyoyi uku masu muhimmanci suna wucewa ta unguwar. Jijiyar da ke ɗaga kafaɗa tana ratsa tsokar ƴan santimitoci ƙasa da ƙashin bayan kunne. In an taɓa ta kafaɗa ta zube, ɗaga hannu sama da kai ya zama aiki. Jijiyar da ke motsa fuska tana fitowa ta gaban tudun ƙashin. In wuƙa ta yi gaba da yawa baki zai karkace, ido ya ƙi rufuwa. Ga ƙananan yara tudun bai gama fitowa ba, jijiyar ta fi kusa da fata, wanda shi ma dalili ne na rashin gaggawar yi musu sakin sama. Ta uku ita ce mai kai ji ga leɓatun kunne. Taɓa ta yana kawo dindiris a kunnen, sau da yawa na ɗan lokaci. Kariya daga duka ukun ɗaya ce: a manne wa ƙashi, a yanka ana gani, kada a gangara cikin naman tsokar. A hannun wanda ya saba, raunin waɗannan jijiyoyi ba ya yawan faruwa. A hannun wanda bai taɓa yi ba, gara sakin ƙasa mai kyau da sakin sama na kame-kame.

Hanya mafi hankali, a ganinmu, ita ce a nemi yardar iyaye kan duka biyun tun kafin a shiga ɗakin aiki. A fara da ƙasa, a gwada: haɓa ta kai kan kafaɗa ta kowane gefe? kunne ya kusanci kafaɗar ɗaya gefen ba tare da wani abu ya ja ba? In haka ne a rufe. In da saura, a hau sama. Ga ɗan shekara goma sha biyu, a sa rai da hawa sama.

Ƙarin tsawo da yankan Z

A 1983 wani likita mai suna Ferkel da abokan aikinsa suka bayyana wani gyara ga sakin sama da ƙasa: a saki sama, a yanke reshen waje, amma reshen ƙirji a tsaga shi da siffar harafin Z, a zame ɓangarorin biyu, a ɗinke su a sabon tsawo. Manufar ita ce a tsirar da kwarin gindin maƙogwaro, kuma yana tsirar da shi. Abin lura, an bar zare a haɗe. In likita ya yi rowar tsawo, ko tabo ya kama ɗinkin, wannan zaren shi zai zama sabuwar igiya. Ya fi dacewa da yarinyar da karkatarta matsakaiciya ce, reshen ƙirjinta yana da sauran nama mai ɗinkuwa, gidansu kuma kusa da inda za a riƙa duba ta. In tsokar duk ta koma farin zare mai tauri, ko gida yana can ƙauyen da zuwa asibiti sai an yi kwana a hanya, yankewa gaba ɗaya ta fi aminci, ko da wuyan zai ɗan rasa siffarsa.

Sauran hanyoyin ba sa buƙatar dogon bayani. Aikin na'urar leƙe, wanda ake shiga ta cikin gashi ko ta hammata don ɓoye tabo, yana son kayan aiki da ƙwarewa na musamman, kuma ya fi dacewa da ƙanana, ba wuyan da kome nasa ya takura ba. Allurar Botox tana sassauta tsoka mai rai na kimanin wata uku. Ba ta ƙara wa tabo tsawo, tana iya kawo wahalar haɗiya, don haka ga babban yaro asarar kuɗi ce. Cire tsokar ɗungurungum yana barin rami a wuya, yana jefa jijiyar kafaɗa cikin haɗari. Sai in kome ya faskara. Tsinke igiyar ta ƙaramin huji ba tare da an buɗe an gani ba, tsohuwar hanya ce da aka bari saboda manyan jijiyoyin jinin da ke ƙarƙashi. Sakiya da tsagar wanzami kuwa ba sa kaiwa ga tsokar ma. Tabo kawai suke ƙara wa fata a daidai inda likita zai so ya tsaga.

Maganar tabo tana da nauyi a wurinmu fiye da yadda littattafan Turai ke ba ta. Baƙar fata ta fi yin tabo mai tudu da ke ci gaba da girma, kuma saman ƙirji da bayan kunne suna cikin wuraren da ya fi so. A dubi hujin kunnen yarinya, da tabon lambar BCG a hannu, da tsagar gado in akwai, a tambayi ko wani a gidan yana da irin wannan tabo. In akwai alama, a gaya wa likita tun farko. Ba ya hana aiki, amma yana sa a yi tunani sau biyu kan tsaga ta biyu, a ɗinke ta ƙarƙashin fata, a kuma shirya allurar da ake yi wa tabon in ya fara tasowa.

Watanni ukun da ke biye

Duk aikin da aka zaɓa, ratar da aka buɗe tsakanin bakunan tsokar za ta cika da sabon tabo cikin makonni. In wuya yana miƙe lokacin da tabon ke ƙulluwa, zai ƙullu da tsawo. In yaro ya koma kwanciyarsa ta da saboda zafi, zai ƙullu a gajarce, a koma gidan jiya. Ga kuma ƙwaƙwalwa: ta shekara goma tana ɗaukar karkatacce a matsayin daidai. Yaron da aka miƙar wa kai zai ji kamar an karkatar da shi, wani har jiri ko ganin biyu-biyu na ƴan kwanaki ko makonni. Shi ya sa ake zaunar da shi gaban madubi ya koyi inda tsakiya take.

Tsarin ya bambanta daga likita zuwa likita. Wasu suna rataya wa kai ɗan nauyi a kan gado na sati ɗaya zuwa biyu ga manyan yara. Wasu suna zarcewa kai tsaye ga kwalar wuya da aka gina ta yadda za ta ɗan tura kai zuwa ɗaya gefen. Kwalar ana sa ta dare da rana na kusan sati shida, sannan da dare kaɗai har wata uku ko fiye. Miƙawa tana farawa cikin satin farko, motsi biyu ne: a danne kafaɗar gefen da aka yi wa aiki, a kwantar da kunne zuwa ɗaya kafaɗar, sannan a juya haɓa zuwa gefen aikin. A riƙe kamar daƙiƙa goma, a maimaita sau goma zuwa sha biyar, sau uku ko huɗu a yini, wata uku zuwa shida. A haɗa shi da lokutan salla, ba a mantawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin kafaɗa ta biyo kai. A ido kamar an miƙa, alhali ba abin da ya miƙu. A nan babban yaro ya fi ƙarami: ɗan shekara goma yana gane dalili, yana son wuyansa ya miƙe, zai jure kwalar da ɗan shekara biyu zai yi ta fizga.

Saboda haka lokacin aiki ma zaɓi ne. Kwala a watan Afrilu ko Mayu a Maradi azaba ce: gumi, ƙurajen zafi a ƙarƙashin haɓa, rauni ya jiƙe, yaro ya cire ta in an juya baya. Lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya fi daɗin sa ta, ga shi an gama girbi, kuɗi ya shigo hannu, sai dai a nemi uzuri a makaranta. Babban hutu ya faɗo cikin damina, lokacin da gida duk yana gona, zazzaɓin sauro kuma ya yi yawa. Duk wanda aka zaɓa, a sa tsumma mai laushi na auduga a ƙarƙashin kwalar, a canza shi kullum. Ɗaukar kaya a ka, ko tulu ko farantin talla ko itace, a dakatar da shi har sai likita ya ba da izni. Gidan da ba zai iya sauke wa yarinya wannan aiki na ƴan watanni ba, gara ya jira lokacin da zai iya.

Abin da aiki ba zai gyara ba

Shekarun karkata suna sauya fuska. Gefen da ya gajarce ido ya sauko, kunci ya shafe, muƙamuƙi ya karkace, kafaɗa ta ɗaga, ƙashin baya ya ɗan lanƙwasa don rama karkatar. Ƙashin fuska yana gyara kansa ne gwargwadon girman da ya rage masa. Shi ya sa aka fi samun cikakken sakamako tsakanin shekara ɗaya zuwa huɗu. Ɗan shekara bakwai yana da sauran rabo mai kyau. Ƴar shekara sha biyar za ta sami miƙaƙƙen wuya, da juya kai ba tare da juya jiki duka ba, da raguwar ciwon wuya da kafaɗa, amma bambancin gefen fuska biyu zai rage, har ma ya fi fitowa a makonnin farko tun da kai ya daina ɓoye shi. A faɗa mata wannan da bakin likita, ita kanta, ba iyayenta kaɗai ba. Tsufan larurar ba ya hana aiki, ko manya ana yi musu su amfana. Jinkirin kowace shekara dai daga rabon fuska yake ci.

Wajen neman wuri, a fara da takardar turawa daga asibitin gunduma zuwa babban asibitin jiha ko asibitin ƙwararru na Maradi, a nemi ganin likitan ƙashi ko likitan tiyatar yara. In an tura gaba, akwai babban asibitin ƙasa na Damagaram, da manyan asibitocin Yamai, ciki har da asibitin yara na CURE da aka buɗe a 2010 don gyaran nakasar da aiki ke magancewa. Masu dangi a Kano sun san asibitin ƙashi na Dala. Amma Yamai ta fi kilomita 600 daga Maradi, kuma komawa dubiya ba sau ɗaya ba ce, don haka kafin a tafi a san wane ma'aikacin kine ne zai karɓi yaron a gida, da inda za a sami kwala daidai wuyansa. A tambayi likitan ko ya saba yin sakin sama. Kafin ranar aiki a auna yawan jini, a yi gwajin sikila, a kashe zazzaɓin sauro in akwai. Abinci a tsayar da shi awa shida kafin a sa yaro barcin aiki, ko yadda mai ba da maganin barcin ya umarta.

Bayan an dawo gida, kumburin wuya mai saurin ƙaruwa ko wahalar numfashi a kwanakin farko na nufin jini yana taruwa a ciki, a koma asibiti a take ko da tsakar dare ne. Zazzaɓi da ruwa ko mugunya daga raunin, karkacewar baki, ko kasa ɗaga hannu, su ma ba a jira ranar dubiya. A ɗauki hoton yaron da waya ta gaba, a tsaye, jikin bango ɗaya, kafin aiki da kowane wata bayansa, don idon da ke ganinsa kullum ba ya lura da karkatar da ke dawowa a hankali. Dubiya kuma ta ci gaba aƙalla sau ɗaya a shekara har ya gama tsawo, tun da lokacin balaga ne tabon ke iya sake gazawa ga ƙashi.